Yadda ake gane sarauniyar da ke kan kwandalar tagulla ta ƙarshen daular Rum

Duk wanda ya taɓa sayen tsoffin kwandalolin Rumawa a dunƙule, irin waɗanda dillalai ke sayarwa da ƙasarsu ba a wanke ba, ya san kusan dukkansu fuskokin maza ne. Kwanstantin ne, ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ko Balentiniyan, ko Balens, kai bayan kai yawancinsu suna kallon dama. Sai can wata rana ka juya wata 'yar ƙarama ka ga gashi a tufke a ƙeya da sarƙa a wuya, ka tsaya kana tambayar kanka wace ce wannan.

Daga shekarar 294, lokacin da sarki Diyokletiyan ya yi wa kuɗin daular garambawul, zuwa wajen 476, matan gidan sarauta da aka buga a kan tagulla ba su wuce goma sha 'yan kai ba. A cikinsu ma shida ne za su riƙa faɗowa hannunka: Galeriya Baleriya, Helena, Fausta, Tiyodora, Flasila da Yudoksiya. Don haka aikin na tankaɗe da rairaya ne, kana cire wadda ba ita ba har saura ɗaya.

Babbar tagullar da Diyokletiyan ya fito da ita, masu tara kuɗin da suna kiranta follis. Daga wannan suna Larabawa suka samo fals, jam'insa fulus, wanda muke ji a bakin mutanen Sudan da Makka har gobe. Haka dinari ma daga denarius na Rumawa ya fito.

Kayan aikin ba su da yawa. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da rula mai milimita, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya wanda yake nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, da tocila, da farin ƙyalle mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur. Sai littafin rubutu da biro. Sabulu da buroshi kuwa ajiye su nesa tukuna, za mu zo kansu a ƙarshe.

Mataki na farko: auna kafin ka karanta

Riƙe kwandalar ta gefenta, kada yatsa ya hau fuskar. Auna faɗinta a inda ta fi faɗi, ka ɗora ta a sikeli, ka rubuta duka biyun. Masana sun kasa tagullar wannan zamani gida huɗu bisa faɗi, saboda ba a san ainihin sunayen da mutanen lokacin ke kiran yawancinsu ba. AE1 ita ce wadda ta haura milimita 25, AE2 daga 21 zuwa 25, AE3 daga 17 zuwa 21, AE4 kuma duk abin da ya gaza 17.

Amfanin awon shi ne kuɗin sun yi ta ramewa shekara bayan shekara. Follis ta fara da nauyin giram goma ko kusa da haka. A zamanin Baleriya, tsakanin 308 da 311, ta sauko wajen giram shida zuwa bakwai, faɗi milimita 24 zuwa 26. Da aka zo 324 ta koma giram uku, milimita 18 zuwa 20. Bayan mutuwar Kwanstantin a 337 ta zama 'yar mitsitsiya, giram ɗaya da rabi, milimita 15 ko kusa. To idan abin da ke hannunka milimita 25 ne mai kauri, ka riga ka cire Tiyodora da Fausta tun ba ka karanta harafi ɗaya ba. Idan milimita 22 ne zuwa 23 mai giram biyar, fara tunanin Flasila.

Mataki na biyu: tabbatar mace ce, kuma mutum ce

Nan mutane suka fi faɗawa rami. Samarin sarakunan ƙarni na huɗu ba su da gemu, suna ɗaura zaren lu'ulu'u a ka, ga manyan idanu, don haka a kan gogaggiyar kwandala sai ka rantse budurwa ce. Duba ƙeya: namiji gashinsa gajere ne, igiyoyin ɗaurin kansa biyu suna reto a baya, sau da yawa kuma akwai sulke a kafaɗa. Mace gashinta a tufke yake ko a naɗe zuwa sama, da sarƙa a wuya. Rubutun da ya fara da IMP, ko ya ƙare da NOB C ko NOB CAES, na namiji ne. Wanda ya fara da D N ma kusan kullum namiji ne, in ban da Gala Plasidiya, wadda tagullarta ba ta cika samuwa ba.

Rami na biyu ya fi zurfi, ni kaina na kwana biyu a cikinsa ina murnar na sami Helena. Daga 330, shekarar da aka ƙaddamar da sabon birnin Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, an buga miliyoyin ƙananan kwandaloli masu fuskar mace sanye da kwalkwalin yaƙi, tana kallon hagu. Ɗaya an rubuta VRBS ROMA, a bayanta kyarkeciya tana shayar da tagwaye. Ɗayar CONSTANTINOPOLIS, a bayanta mace mai fukafukai tsaye a goshin jirgin ruwa. Waɗannan biranen ne aka zana su da siffar mata. Babu sarauniyar da aka buga da kwalkwali, kuma sarauniyoyin da za ka haɗu da su dama suke kallo.

Mataki na uku: karanta rubutun fuska

Kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, a kwance kusan daidai da tebur. Hasken da ya zo daga gefe yana sa kowane harafi ya yi inuwa, har wanda ka ɗauka ya shafe. Juya kwandalar a hankali a ƙarƙashin hasken. Rubutun yana farawa daga ƙasa ta hagu, ya zagaya ta saman kai, ya sauko dama, kuma sau da yawa yana tsinkewa a tsakiya saboda kan ya ci wurin. Harafin V shi ne U, I kuma yana tsayawa a madadin J. Rubuta haruffan da ka gani kawai, inda ka kasa ka sa ɗigo. Kada ka cike gurbi da abin da ranka ke so.

Baleriya, 'yar Diyokletiyan kuma matar Galeriyus, GAL VALERIA AVG ce. Fausta, matar Kwanstantin, FLAV MAX FAVSTA AVG. Flasila, matar Tiyodosiyus na ɗaya, AEL FLACCILLA AVG. Yudoksiya, matar Arkadiyus, AEL EVDOXIA AVG. AVG ɗin nan gajarcen AVGVSTA ne, sarautar da ba kowace matar sarki ke samu ba, sai wadda aka naɗa.

Helena, mahaifiyar Kwanstantin, tana da rubutu iri uku, kuma bambancinsu shi ne zai ba ka shekara. HELENA N F shi ne na farko, an buga shi a Tasalonika wajen 318 zuwa 319, lokacin ba a naɗa ta ba, N F ɗin kuma yana nufin mace mafi daraja. Fausta ma tana da irinsa, FAVSTA N F. Na biyu FL HELENA AVGVSTA, daga 324, shekarar da ɗanta ya murƙushe abokin sarautarsa Lisiniyus ya zama shi kaɗai ke da daula, ya naɗa uwarsa da matarsa a lokaci guda. An ci gaba da buga shi har wajen 329. Na uku FL IVL HELENAE AVG. Wannan E ɗin da ya ƙaru a ƙarshen suna, a nahawun Latin yana nufin "domin Helena", wato ta riga ta rasu, tunawa da ita ake yi. Haka na Tiyodora yake, FL MAX THEODORAE AVG, ita ma ba a buga ta ba sai bayan ranta.

Haruffa uku na AEL su kaɗai sun isa su gaya maka kana bayan 383. Aelia sunan Flasila ne, amma matan da suka biyo bayanta a gabas duk sun ɗauke shi kamar laƙabin sarauta. Kuma tsakanin 340 da 383 ba a buga ko mace ɗaya ba, sama da shekara arba'in, duk da sarakuna sun yi aure sun haihu. Wannan giɓi yana raba maka matan gida biyu: na gidan Kwanstantin da na gabaninsa a gefe guda, na gidan Tiyodosiyus a ɗaya gefen.

Ka yi hattara da harafi ɗaya a nan. EVDOXIA da X matar Arkadiyus ce, an naɗa ta a 400 ta rasu a 404. EVDOCIA da C surukarta ce, matar Tiyodosiyus na biyu, an naɗa ta a 423, kuma tagullarta ta fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Na sha ganin an sa sunan ta biyun a kan kwandalar ta farkon, wani lokaci kuskure ne, wani lokaci kuma don farashi ya tashi.

Mataki na huɗu: juya baya

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne amfani, domin kowace sarauniya tana da bayanta, kuma zanen baya yakan tsira ko da rubutun fuska ya lalace.

Mace tsaye tana ɗaga ɗan itacen tuffa a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan mayafi ta kafaɗa, rubutu VENERI VICTRICI, a kan kwandala babba: Baleriya ce, ba tantama. Gidajen buga kuɗi na gabas da na yankin Balkan ne kawai suka buga ta, inda ikon mijinta ya kai. Bayan mutuwarsa a 311 ta ƙi auren sarki Maksiminus Daya, aka kore ta, ta yi ta ɓuya har Lisiniyus ya sa aka kashe ta a Tasalonika.

Tauraro mai tsini takwas a cikin zagayen ganye, ba rubutu: na N F ne, ko Helena ko Fausta, sai ka koma fuska ka raba gardama.

Mace tsaye tana kallon hagu, ta sunkuyar da reshe ƙasa, ɗaya hannun yana tattare da riga, rubutu SECVRITAS REIPVBLICE: Helena tana raye. Lura da ƙarshen kalmar, CE ne ba CAE ba, kuma haka aka buga shi a kusan ko'ina, don haka kada ka ce jabu ce saboda harafin A ya ɓace.

Mace tsaye da lulluɓi tana rungume da jarirai biyu a ƙirji, rubutu SALVS REIPVBLICAE ko SPES REIPVBLICAE: Fausta. Shekara biyu kacal aka yi ana buga wannan. A 326 Kwanstantin ya sa aka kashe babban ɗansa Krisfus, wanda wata matar ta haifa, ba a jima ba Fausta ita ma ta bi, aka daina ambatonta. Kwandalar tana yabon uwa mai raino da tabbacin magada, ga kuma yadda gidan ya ƙare da ita. Fuskarta ma daban take: yawanci kanta ba ɗauri, gashi mai layi-layi kamar igiyar ruwa, da ɗan tufka a ƙeya. Helena kuwa da ɗaurin sarauta a kai.

Ƙananan biyun na 337 zuwa 340 su ne suka fi rikita mutum, saboda girmansu ɗaya, fuskokinsu kusan ɗaya, kuma birane uku ne kawai suka buga su: Tiriya, Roma da Kustantiniya. Bayan ne ke raba su. Mace riƙe da reshe da doguwar sanda a karkace, PAX PVBLICA, Helena ce. Mace rungume da jariri ɗaya, PIETAS ROMANA, Tiyodora ce. Jariri ɗaya Tiyodora, jarirai biyu Fausta. Akwai abin mamaki a tattare da waɗannan biyun. Kwanstantiyus na ɗaya, mahaifin Kwanstantin, ya rabu da Helena ne ya auri Tiyodora, 'yar gidan sarki Maksimiyan, don sarauta ta zauna masa. Da Kwanstantin ya mutu a 337, sojoji suka karkashe yawancin mazan zuriyar Tiyodora, cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai yara biyu, Galus da Juliyan. A daidai wannan lokacin ne jikokin Helena, waɗanda kisan ya share wa hanya, suke buga kuɗi da sunan matan biyu kafaɗa da kafaɗa.

Idan ka ga mace mai fukafukai a zaune tana rubuta alama a kan garkuwa, alamar kuma X ce da P a haɗe, haruffan farko na sunan Almasihu a Girkanci, da rubutu SALVS REIPVBLICAE, to ka shiga gidan Tiyodosiyus. Flasila da Yudoksiya duk suna da wannan bayan, sai ka koma awonka da fuska. Flasila tana zuwa babba, AE2, ko ƙarama ƙwarai, AE4 mai milimita 13 ko kusa. Yudoksiya tana tsakiya, milimita 17 zuwa 18, kuma a saman kanta akwai hannu da ya sauko daga sama riƙe da kambi, alamar da Kiristocin lokacin ke nufin naɗi daga Ubangiji. Flasila ba ta da wannan hannun. Kowaccensu tana da wani bayan na biyu: Flasila tsaye ta harɗe hannuwa a ƙirji, Yudoksiya kuwa zaune a kan karaga tana fuskantarka, da rubutu GLORIA ROMANORVM. Wannan Yudoksiyar ce ta yi rigima da babban limamin cocin Kustantiniya, Yohana Kirisostom, har aka kore shi daga birnin.

Sauran matan, su Fulkeriya, Yudokiya, Gala Plasidiya, Berina matar Liyo na ɗaya, Zenonis matar Basiliskus, da Kwanstantiya ƙanwar Kwanstantin, tagullarsu ta yi ƙaranci. Idan karatunka ya kai ka ga ɗayansu, sake karantawa sau biyu kafin ka yi murna.

Mataki na biyar: haruffan ƙasan layi

A bayan kwandalar, ƙarƙashin ƙafar zanen, akwai layi, a ƙarƙashinsa kuma 'yan haruffa. Su ne ke faɗin garin da aka buga ta da ɗakin aikin da ya buga. TR Tiriya ce a Jamus ta yau, LON Landan, LG Liyon, SIS Siskiya wato Sisak ta Kuroshiya, SIRM Sirmiyum a Sabiya, TS ko TES Tasalonika, H Herakliya, N Nikomidiya wato Izmit ta Turkiyya, K Sizikus, ANT Antakiya, AL ko ALE Iskandariya, R Roma, T Tisinum wato Pavia a Italiya, CONS ko CON Kustantiniya. SM da ke gaban wasu gajarcen "kuɗi mai alfarma" ne, ba gari ba ne, cire shi ka karanta saura.

Harafin da ya rage na ɗakin aiki ne. A yamma da Latin ake ƙirga su, P na ɗaya, S na biyu, T na uku, Q na huɗu. A gabas da Girkanci, A, B, Γ, Δ, Є, har gaba. Don haka STR ɗaki na biyu ne a Tiriya, SMKΔ kuma ɗaki na huɗu a Sizikus.

Wuri ɗaya ne ke ruɗarwa. A 328 aka sauya wa birnin Arles na kudancin Faransa suna zuwa Constantina, sai alamarsa ta koma PCONST, SCONST. Harafin Latin a gaba da T a ƙarshe na Arles ne, harafin Girkanci a baya na Kustantiniya. PLON kuwa yana ɗaure maka shekara tamau, domin an rufe gidan buga kuɗi na Landan a 325, don haka Helena ko Fausta ta Landan ta 324 ce zuwa 325.

Kwafi duk ɗigo, jinjirin wata, tauraro ko harafin da ke gefen zanen, domin su ne ke raba bugu da bugu. Ga misali a haɗe: milimita 19, giram 3.1, fuska ..ELENA ...VSTA, baya mace da reshe a sunkuye, ƙasan layi SMANTB. Helena ce tana raye, Antakiya, ɗaki na biyu, tsakanin 324 da 329. Da wannan sai ka je kundin da kowa ke dogara da shi, Roman Imperial Coinage, wanda ake gajarcewa RIC. Juzu'i na shida ya ƙunshi Baleriya, na bakwai Helena tana raye da Fausta, na takwas ƙananan 337 zuwa 340, na tara Flasila, na goma Yudoksiya da na bayanta. Ba sai ka saya ba, shafin OCRE (Online Coins of the Roman Empire) a intanet ya jera lambobinsa kyauta da hotuna.

Mataki na shida: ta gaske ce?

Rumawa da guduma suke bugawa tsakanin hatimi biyu, mai jabu kuwa yawanci narka ƙarfe yake yi ya zuba. Duba gefen da gilashi: layin haɗi da ya zagaye shi, ko alamar an goge da zarto, alamar zubi ce. Haka 'yan ramuka kamar kumfa da haruffa masu laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Akwai kuma wanda yake ɗaukar ta gaske gogaggiya ya sake sassaƙa gashi da haruffa da allura, sai ka ga gashi ya fito rangaɗau amma kunci ya shafe sumul. Ragowar farin azurfa a lungunan haruffa ba aibi ba ne, haka aka shafa wa na zamanin Kwanstantin azurfa tun asali.

Tambayi mai sayarwa inda ta fito da takardar da ke nuna haka. Turkiyya, Masar da Girka duk sun haramta fitar da kayan tarihi ba izini, kuma ana kama matafiya a filin jirgi a kan 'yar kwandala ɗaya. Abin da aka miƙo maka a kasuwar Alƙahira ko Istanbul ko dai jabu ne, ko kuma abin da zai ja maka ɗauri.

Mataki na ƙarshe: wanki da ajiya

Idan har ka iya karanta ta, bar ta yadda take. Koren nan ko baƙin da ya lulluɓe ta, mai santsi da tauri, shi ne fatar da ta yi a cikin ƙasa tsawon shekara dubu ɗaya da ɗari shida, kuma sau da yawa zanen a jikin fatar yake zaune. Lemon tsami, tsamiya, toka da man goge ƙarfe, duk abin da ake sa tasa ta yi ƙyalli da shi, zai cinye fatar ya bar maka jan ƙarfe mai ramuka wanda ba ya karantuwa.

Idan ƙasa ce ta rufe rubutu, jiƙa ta a tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbata ba mai asid ba ne. Sauya ruwan kowane kwana biyu ko uku, ka riƙa gogawa a hankali da buroshin haƙori mai laushi, ka ɓanɓare ƙasar lungu da tsinken sakace a ƙarƙashin gilashi. Abin yakan ɗauki makonni. In ka gama, shanya ta ta bushe sarai.

Kore iri ɗaya ne abin tsoro: mai haske, mai laushi kamar gari, wanda tsinke ke kankarewa kuma ya dawo bayan kwanaki. Wannan cutar tagulla ce, gishirin da ke cikin ƙarfen ne ke haɗuwa da laima yana cin sa. Ware ta daga sauran nan take, kankare garin, jiƙa ta a tataccen ruwa ana sauyawa na tsawon makonni, ka busar, ka ci gaba da dubawa. In ta ƙi ji, kai ta wurin mai gyaran kayan tarihi.

Ajiye kowacce a 'yar ambulan ta takarda, ka guji ledar roba mai laushi domin tana fitar da sinadarin da ke sa kore mai danƙo. A bayan ambulan rubuta suna, faɗi, nauyi, rubutun fuska da na baya, haruffan ƙasan layi, lambar RIC, da inda ka saya da ranar. Saka su a gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, kuma da damina ka riƙa buɗewa duk wata kana duba ko garin nan mai haske ya fito.